Pedro Páez da Tarihin Habasha: Malamin da Littafinsa Ya Kusa Shekara 300 Bai Ga Ɗab'i Ba

Tun daga shekarar 2011 da Habasha ta aza harsashin babbar madatsar ruwa a kan kogin Abay, har zuwa watan Satumba na 2025 da aka yi bikin buɗe ta, taƙaddamar rabon ruwan Nilu tsakanin Habasha da Masar da Sudan ba ta bar kanun labarai ba. Madatsar tana kusa da iyakar Sudan, an tsara ta don ta samar da wutar lantarki sama da megawat 5,000, kuma tafkin da ke bayanta na iya riƙe ruwa kimanin kubik mita biliyan 74.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi shi ne, fiye da kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke isa Masar daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, kuma Abay, wanda Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, shi ne ke ɗauke da mafi yawansa kafin ya haɗu da Farin Nilu a Khartoum. A gaɓar wannan kogin ne garin Mai Wurno yake a Sudan, inda zuriyar waɗanda suka yi hijira daga daular Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903 suke zaune suna noma.

Can a sama, a gundumar Sakala ta lardin Gojjam, kogin yana farawa ne daga wani ɗan idon ruwa da ake kira Gish Abay, a cikin fadama mai ciyawa da ke kan tudu, kuma mabiya Cocin Otodoks na Habasha suna ɗaukar ruwansa a matsayin mai albarka, suna zuwa ɗiba don neman waraka.

Bayani mafi daɗewa da wani Bature ya rubuta a kan wannan wuri bayan ya gan shi da idonsa ya fito ne daga alƙalamin Pedro Páez, limamin Katolika ɗan ƙasar Sifaniya, wanda ya zauna a Habasha daga 1603 har ya rasu a 1622. Rayuwarsa da littafinsa sun sake jan hankalin masana a 'yan shekarun nan, saboda suna ta da tambayar da ta shafi Afirka baki ɗaya: wane irin amfani za a yi da rubutun baƙon da ya san ƙasa ƙwarai, alhali yana da manufar sauya addinin mutanenta?

Ƙungiyar da ta mai da rubutu wajibi

Páez ɗan ƙungiyar Jezuwit ne, wato Jama'ar Yesu, ƙungiyar limaman Katolika da Ignatius na Loyola ya kafa tare da abokansa, wadda Fafaroma Paul na Uku ya amince da ita a 1540. Mambobinta suna ɗaukar alkawarin zama ba aure da barin dukiya da yin biyayya, kuma manyansu suna ƙara alkawari na musamman cewa za su tafi duk inda Fafaroma ya aike su.

Abubuwa biyu ne suka bambanta su da sauran ƙungiyoyin zamaninsu. Na farko shi ne dogon karatu, domin ɗan Jezuwit yakan shafe shekaru yana koyon Latin da balaga da falsafa da lissafi da ilimin tauhidin Kirista kafin a naɗa shi limami. Na biyu shi ne tsarin wasiƙu, inda aka wajabta wa kowace tashar mishan ta riƙa aika rahoto zuwa Roma a kai a kai, tana bayyana yanayin ƙasa da sarautarta da al'adunta da harsunanta.

Wannan tsari ne ya sa ƙungiyar ta fitar da marubuta irin su Matteo Ricci, wanda ya ƙware a harshen Sin ya rasu a Beijing a 1610, da Roberto de Nobili, wanda ya koyi Tamil da Sanskrit a kudancin Indiya, da Jerónimo Xavier, wanda ya yi rubutu da Farisanci a fadar sarki Akbar na Indiya. Páez sa'ansu ne, kuma hanyarsa irin tasu ce: a koyi harshe, a kusanci fada, a yi muhawara da malamai, da fatan idan sarki ya karɓa talakawa za su bi.

Abin da ya ja su zuwa Habasha

Habasha ba ƙasar da ba ta san Kiristanci ba ce. Sarki Ezana na Aksum ya karɓi addinin tun ƙarni na 4, kuma a ƙarni na 7 ƙasar ce ta ba sahabban Annabi Muhammadu (SAW) mafaka a hijira ta farko, a ƙarƙashin Najashi. Cocin ƙasar yana haɗe da na Kibɗawan Masar, kuma daga can ake aiko masa babban bishop, wanda ake kira Abuna, al'adar da ta ci gaba har tsakiyar ƙarni na 20.

Saɓanin da ke tsakaninsu da Roma ya samo asali ne daga taron Chalcedon na shekarar 451, inda aka yanke cewa Almasihu yana da ɗabi'a biyu, ta allahntaka da ta mutuntaka, alhali cocin Iskandariyya na Masar da na Habasha sun tsaya a kan ɗabi'a ɗaya haɗaɗɗiya. Ban da wannan, Habashawa suna girmama ranar Asabar tare da Lahadi, suna yin kaciya, kuma suna kiyaye dokokin abinci masu kama da na Attaura.

Siyasa ce ta buɗe ƙofa. Daga 1529 Imam Ahmad bin Ibrahim na daular Adal ya ci mafi yawan ƙasar da yaƙi, abin da ya sa sarkin Habasha ya nemi taimakon Fotugal, kuma a 1541 sojoji kimanin 400 suka sauka a Massawa ƙarƙashin Cristóvão da Gama. An kashe da Gama a 1542, Imam Ahmad kuma ya faɗi a yaƙin Wayna Daga a 1543, sannan da yawa daga cikin sojojin da suka tsira suka zauna suka yi aure a ƙasar.

Turawan Fotugal sun ɗauka cewa ladan taimakon shi ne Habasha ta miƙa wuya ga Fafaroma, amma sarki Galawdewos ya ƙi, har ya rubuta bayanin aƙidarsa yana kare cocin kakanninsa. Tawagar Jezuwit ta farko, ƙarƙashin Andrés de Oviedo, ta iso a 1557, shekarar da Turkawan Usmaniyya suka kama Massawa suka toshe hanyar teku, kuma ta ƙare a keɓe a ƙauyen Fremona kusa da Adwa, tana hidimar zuriyar sojojin nan kawai.

Shekara kusan bakwai a tsare a Yaman

An haifi Páez a 1564 a wani ƙauye kusa da Madrid da yanzu ake kira Olmeda de las Fuentes, ya shiga ƙungiyar a farkon shekarun 1580, kuma a 1588 ya isa Goa, cibiyar mulkin Fotugal a Indiya. A shekarar da ta biyo baya aka tura shi Habasha tare da Antonio de Montserrat, dattijon da ya taɓa zama a fadar Akbar, domin su farfaɗo da tashar Fremona da ke dab da mutuwa.

Ba su isa ba. A farkon 1590 aka kama su a gaɓar Zufar a kudancin yankin Larabawa, aka ratsa da su Hadramaut da gefen hamada har zuwa San'a, inda gwamnan Usmaniyya ya tsare su shekaru, daga baya aka kai su Mokha aka sa su tuƙin jirgin ruwa cikin sarƙa, kafin a fanshe su da kuɗi su koma Goa a 1596.

Wannan tsarewar ta zama masa makaranta, domin a can ya koyi Larabci, ya ga yadda Musulmi ke tafiyar da mulki da ciniki da ibada, kuma bayanin da ya bari a kan garuruwan Hadramaut yana cikin mafi daɗewa da Turawa suka rubuta. Yana kuma cikin Turawan farko da suka bayyana shan gahawa, wadda aka ba shi a lokacin yana fursuna.

Montserrat bai ƙara samun lafiya sosai ba, ya rasu a 1600. Shi kuwa Páez ya sake gwadawa, ya tashi daga tashar Diu cikin shigar ɗan kasuwar Armeniya, ya sauka a Massawa a 1603, ya wuce Fremona.

Daga makarantar yara zuwa fadar sarki

Aikinsa na farko shi ne koyon Amharic, harshen fada, da Ge'ez, tsohon harshen coci da littattafai wanda matsayinsa a wurin Habashawa ya yi kama da na Larabci a wurin malaman ƙasar Hausa. Ya buɗe makaranta don 'ya'yan zuriyar Fotugal, aka fassara musu ɗan littafin tambaya da amsa na koyar da addini, kuma labarin yadda yaran ke haddace shi ya kai kunnen fada.

A 1604 sarki Za Dengel ya kira shi, ya saurare shi, ya karkata ga ra'ayinsa cikin gaggawa, har ya ba da umarnin a daina kiyaye ranar Asabar, duk da cewa Páez ya shawarce shi da ya bi a hankali. Manyan hakimai suka yi tawaye, Abuna ya warware musu rantsuwar mubaya'a, kuma kafin shekarar ta ƙare an kashe sarkin a fagen fama.

Bayan rikicin gadon sarauta, Susenyos ya kafu a kan karaga a 1607. Mutum ne mayaƙi da ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a hannun mutanen Oromo, kuma ya gaji ƙasar da hakimai suka yi ƙarfi, gidajen sufaye suka mallaki filaye masu yawa, hare-hare kuma suka yawaita a kan iyaka. Ya ga cewa ƙawance da Sifaniya da Fotugal, waɗanda a lokacin sarki ɗaya ke mulkinsu, zai iya kawo masa sojoji da bindigogi, kuma tsarin Katolika mai shugaba ɗaya zai iya rage ƙarfin sufaye.

Ya ba 'yan Jezuwit fili a Gorgora a arewacin tafkin Tana, inda Páez ya jagoranci gina coci na dutse da gida mai bene don sarki, ya kuma zama mai ba shi shawara da rubuta masa wasiƙu zuwa Turai da raka shi sansanonin yaƙi. Ɗan'uwan sarki, Ras Se'ela Krestos, ya karɓi Katolika wajen 1612, ya zama mafi zafin masu goyon bayansu.

Sojojin da aka roƙa daga Turai ba su taɓa zuwa ba, adawa kuwa ta yi ta ƙaruwa, har a 1617 aka yi tawayen da Abuna Simon ya rasa ransa a cikinsa. Duk da haka Susenyos ya bayyana matsayinsa a fili a ƙarshen 1621, ya karɓi jibin Ubangiji na Katolika a hannun Páez a farkon 1622 bayan ya saki matansa ya bar ta fari, kuma 'yan makonni bayan haka, a watan Mayu, zazzaɓi ya kashe Páez a Gorgora yana da shekara 58.

Littafin da raddi ya haifa

A shekarun ƙarshe na rayuwarsa ne Páez ya rubuta História da Etiópia, wato Tarihin Habasha, da harshen Fotugal, kuma dalilin rubuta shi gardama ce tsakanin ƙungiyoyin Katolika biyu. A 1610 wani limamin ƙungiyar Dominikan mai suna Luis de Urreta ya buga littafi a Valencia, inda ya yi iƙirarin cewa Habashawa tun asali mabiya Roma ne kuma 'yan ƙungiyarsa sun daɗe a can, ya cika shi da labaran taskoki da manyan ɗakunan karatu da dabbobin almara.

Urreta bai taɓa taka ƙasar ba, ya dogara ne ga wani matafiyi da ya ce shi Bahabashe ne da kuma tsohon labarin da Turawa suka daɗe suna yaɗawa na wani hamshaƙin sarki limami a gabas. Idan maganarsa ta tabbata, to aikin Jezuwit a Habasha ba shi da dalili, saboda haka shugabanninsu suka nemi wanda ke zaune a ƙasar ya mayar da martani.

Páez ya ɗauki littafin babi bayan babi, yana kawo abin da Urreta ya faɗa, sannan ya kawo abin da shi ya gani, ko abin da sarki da dattawan fada da sufaye suka shaida masa, ko abin da ya karanta a littattafan ƙasar. Hujjarsa a ko'ina ita ce wadda Bahaushe ya taƙaita da cewa gani ya kori ji, kuma yakan bambanta wa mai karatu abin da ya shaida da kansa da abin da aka ba shi labari, har ya ambaci wanda ya ba shi.

Misali, a kan Amba Geshen, dutsen da ake tsare 'ya'yan sarauta a kansa don kada su nemi karaga, wanda Urreta ya siffanta kamar aljannar duniya, Páez ya tambayi waɗanda suka san wurin ya kawo bayanin tsauni mai wuyar hawa da rayuwar ƙunci.

Littafin kashi huɗu ne. Na farko ya ƙunshi yanayin ƙasa da koguna da dabbobi da tsirrai da jerin sarakuna da tsarin fada da shari'a da haraji, na biyu ya shafi aƙida da ibada da sufanci, na uku da na huɗu kuma sun bi tarihin sarakuna da aikin mishan har zuwa zamaninsa.

Abin da ya fi ba shi daraja a wurin masana shi ne dogayen sassan da ya fassara daga Ge'ez, ciki har da ɓangarorin Kebra Nagast, littafin da ya danganta sarautar Habasha da Annabi Sulaimanu da sarauniyar Saba, da tarihohin sarakuna, da tarihin rayuwar waliyyi Takla Haymanot, da addu'o'in coci. Ya kuma yi amfani da tarihin mulkin Susenyos tun magatakardan fada yana kan rubuta shi.

A bakin idon ruwa

A ranar 21 ga Afrilun 1618, yana tare da rundunar sarki a ƙasar Agaw, Páez ya hau zuwa Gish Abay. Ya bayyana idanun ruwa biyu masu zagaye a cikin fili mai laka da ke motsi idan an taka, ya gwada zurfinsu da mashi, ya ɗanɗani ruwan, ya tambayi mazauna wurin, sannan ya bi bayanin yadda ƙoramar ke girma ta shiga tafkin Tana, ta fita ta zuba a gangaren Tis Isat, ta kewaye Gojjam ta nufi ƙasar Funj a Sudan ta yau. Ya kuma rubuta yadda Agaw ke yanka shanu a wurin don girmama shi.

Ya amsa tsohuwar tambayar da ta dami masana tun zamanin Girkawa, wato dalilin da ke sa Nilu ya cika a Masar a lokacin zafi alhali ba a ruwan sama a can, inda ya danganta ambaliyar da daminar tsaunukan Habasha, wadda ke sauka daga Yuni zuwa Satumba.

Bayanin ya isa ga masu karatu a Turai ta hannun wani ɗan Jezuwit, Athanasius Kircher, wanda ya buga shi da Latin a 1652. Sama da shekara 150 bayan Páez, James Bruce ɗan Sikotland ya isa wurin a Nuwamban 1770, kuma a littafinsa na 1790 ya yi ƙoƙarin nuna cewa Páez bai taɓa zuwa ba, domin kambun ya zama nasa. Charles Beke, Baturen Ingila da ya ziyarci wurin a shekarun 1840, ya gwada bayanan biyu da abin da ya gani ya wanke Páez.

Sai dai gardamar wane ne na farko gardama ce ta Turawa a junansu, irin wadda ta sa aka daɗe ana koya wa yara a Nijeriya cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara a 1796. Agaw sun san idon ruwan tun kaka da kakanni, sarkin Habasha ne ya kai Páez yankin, kuma shi kansa bai ɓoye cewa daga bakin mutanen wurin ya samo yawancin bayaninsa ba.

Abin da ya biyo bayan rasuwarsa

A 1625 Afonso Mendes ya iso da muƙamin babban shugaban cocin Habasha daga Roma, kuma da goyon bayan sarki aka shiga sake yi wa mutane baftisma, da sake naɗa limamai, da hana kaciya da kiyaye Asabar, da sauya kalandar bukukuwa da tsarin azumi. Abin da ya kasance muhawarar fada ya koma dokar da ta shiga kowane gida.

Tawaye ya ɓarke a larduna da dama, musamman a Lasta, kuma mata 'yan sarauta suna cikin waɗanda suka fi tsayawa, irin su Walatta Petros, wadda ta bar gidan mijinta ta zama 'yar zuhudu, ta tara mabiya a kewayen tafkin Tana, cocin kuma ya ɗauke ta waliyya. Bayan wani yaƙi a 1632 da aka kashe dubban talakawa, Susenyos ya maido da 'yancin bin tsohuwar aƙida, ya miƙa mulki ga ɗansa Fasiladas, ya rasu a shekarar.

Fasiladas ya kori 'yan Jezuwit, aka kashe waɗanda suka ɓuya suka ƙi fita, ya kuma yi yarjejeniya da masu mulkin Massawa da Sawakin, waɗanda Musulmi ne, cewa su hana limaman Katolika wucewa. Ya kafa Gondar a matsayin babban birni wajen 1636, kuma Habasha ta yi kusan ƙarni biyu tana ɗari-ɗari da Turawa.

Yadda littafin ya fito fili

An aika rubutun Páez zuwa Goa, amma ba a buga shi ba. Masu nazari suna ganin cewa yawan raddin da ya yi wa ɗan wata ƙungiyar Katolika ya sa shugabanni suka ga bai dace a fitar da shi haka ba, sai aka ba Manuel de Almeida ya sake tsara shi, daga aikin Almeida kuma Baltasar Teles ya fitar da nasa littafin a Coimbra a 1660. Ta haka ilimin Páez ya yaɗu a Turai da sunan wasu.

Sai a 1905 da 1906 Camillo Beccari ya buga asalin littafin a Roma cikin jerin mujalladai 15 na rubuce-rubucen Turawa a kan Habasha, aka sake buga wani kwafi a Porto a tsakiyar shekarun 1940. Isabel Boavida da Hervé Pennec da Manuel João Ramos sun fitar da ingantaccen bugu a 2008, fassarar Ingilishi ta fito a 2011, cikakkiyar fassara zuwa harshen mahaifar Páez kuwa ba ta samu ba sai a 2014.

A ɓangaren gine-gine, masu binciken kufai daga Jami'ar Complutense ta Madrid, ƙarƙashin Víctor Fernández, sun yi shekaru suna tono a tsoffin tashoshin mishan, kuma bincikensu ya nuna cewa manyan gine-ginen dutse da farar ƙasa da aka daɗe ana jingina wa Páez, ciki har da babban cocin sabuwar Gorgora, an yi su ne bayan rasuwarsa, da hannun magina daga Indiya da ma'aikata Habashawa.

Yadda ɓangarori ke kallonsa

A Sifaniya, musamman bayan littafin da marubuci Javier Reverte ya fitar a kansa a 2001, ana ɗaukar Páez gwarzon matafiyi da aka manta da shi, wanda Turawan Birtaniya suka danne wa haƙƙi. Marubutan Katolika da dama kuma sun saba raba tarihin gida biyu, su ce Páez mai haƙuri da hikima ya gina, Mendes mai tsanani ya rushe.

Masana na baya-bayan nan, irin su Pennec da Andreu Martínez d'Alòs-Moner da Leonardo Cohen, sun nuna cewa wannan rabon ya yi sauƙi da yawa, domin mutanen biyu manufarsu ɗaya ce, wato mayar da cocin Habasha ƙarƙashin Roma da kawar da al'adun da suke gani kuskure ne. Dokar hana kiyaye Asabar da zubar da jinin farko duk sun faru Páez yana raye yana kusa da sarki, kuma kashi na biyu na littafinsa an gina shi ne don tabbatar da cewa Habashawa sun kauce hanya.

A wurin Cocin Otodoks na Habasha, zamanin Jezuwit zamanin fitina ne da aka tsallake da jinin shahidai, kuma tarihin Walatta Petros da wani sufi ya rubuta wajen 1672 yana ba da labarin daga ɓangaren waɗanda aka tsananta wa. Duk da haka masana tarihi na Habasha, irin su Merid Wolde Aregay, sun yi amfani da rubutun Jezuwit sosai, saboda yana ɗauke da bayanan haraji da kasuwa da aure da abinci da tsarin sansanin sarki waɗanda magatakardan fada ba su damu da rubutawa ba.

Ma'aunin da ya dace

Darajar Páez ta ilimi tana cikin hanyar aikinsa: ya koyi harsunan ƙasar har ya karanta littattafanta, ya tambayi masu abin, ya faɗi inda ya samo kowane labari, kuma ya yarda a auna maganarsa da abin da ke ƙasa. Wannan ne ya sa bayaninsa ya tsaya bayan shekara 400, na Urreta kuwa ya zama abin misali na rubutu a kan ƙasar da ba a gani ba.

Iyakarsa kuma a bayyane take, domin duk sanin da ya yi wa Habasha bai sa ya yarda cewa mutanenta suna da haƙƙin riƙe abin da suka gada ba, kuma ya auna ƙarfin addinin ƙasar da ra'ayin fada, alhali ƙarfin yana wurin sufaye da mata da manoma. Inda yake siffanta kogi ko kotu ko kasuwa shaida ne amintacce, inda yake hukunta aƙida kuwa mai ƙara ne, kuma wajibi ne a saurari wanda ake ƙara.

Masu nazarin tarihin ƙasar Hausa sun san wannan aiki, tun da sukan ɗora bayanin Heinrich Barth a kan Kano ta 1851 kusa da Tarihin Kano da rubuce-rubucen malaman Sakkwato kafin su yanke hukunci. Habasha ta iya yi wa Páez irin wannan awo ne saboda ta adana littattafanta na Ge'ez a gidajen sufaye da coci-coci, ta kuma ci gaba da horar da masu karanta su. Al'ummar da ke son ta ci moriyar rubutun baƙo ba tare da ya zama shi kaɗai ne mai magana da yawunta ba, dole ta kashe kuɗi da lokaci wajen tattara nata rubuce-rubucen, na Larabci da na ajami da na boko, ta gyara su, ta buga su, ta koyar da su.